Cokalin Arezki

A Tala Mellul, can ƙololuwar duwatsun Jurjura, hayaƙin makaranta ne ke riga na kowane gida tashi. Idan sanyi ya kankama, dusar ƙanƙara ta toshe hanyar mota ta yi wa itatuwan zaitun farin rawani, matan gari kan leƙa ta taga da safe su nemi siririn hayaƙin nan da ke miƙewa daga bututun aji ɗaya. In sun hango shi sun san abu biyu: yau akwai karatu, kuma Nna Zahwa ta kwana lafiya.

Ita ce mai dafa wa yara abincin rana. Ba 'yar garin ba ce. Daga tsallaken kwari aka kawo ta amarya a kan alfadari, ta zo ta tarar mijin nata na wata ɗaya ne a shekara. Mijin, Dda Bel'id, a Faransa yake aiki, a gidan narka ƙarfe. Lokacin zafi yakan zo da akwati cike da yadi da sabulu, ya gyara rufi, ya yi faɗa a kan akuya, ya koma. Da ya tashi dawowa gaba ɗaya, sai ya dawo da tarin da bai bar shi ya daɗe ba. Ya bar mata 'ya'ya mata biyu, waɗanda aure ya kai birni, da ɗan auta, Arezki. Dattawan gari ne suka nema mata aikin makaranta don kada ta miƙa wa kowa hannu.

Ɗakin girkin makarantar rumfar kwano ce a bayan aji, inda ruwa ke daskarewa a bokiti. Tun shekarar farko ta kinkimo tukunyarta ta ɗora a kan murhun ƙarfen da ke ɗumama aji ɗaya, ta dasa 'yar kujerarta a gefe. Malamai sun zo sun tafi, babu wanda ya ce ta tashi. Duk ɗan Tala Mellul cikin ƙanshin albasa da wake ya koyi baƙi da wasali, kuma har ya girma, in ya ji ana soya albasa sai bakinsa ya so ya fara ƙidaya.

Malam Meziyan, mai koyar da ajin yanzu, ba ya rabuwa da tsokanarta.

"Nna Zahwa, bana ma ba ki ci jarrabawa ba? Mun gaji da ganinki a aji ɗaya."

"Kai ma ai nan na san ka, ɗan nan," in ji ta, tana juya miya. "A wancan bencin na share maka majina. Ga furfura ta fito maka, har yau ba ka sami ƙofar fita ba."

Al'adar makarantar ce kowane yaro ya zo da icce guda a hammata. Ita ke karɓa a bakin ƙofa, tana kakkaɓe musu ƙanƙara daga kafaɗa. Akwai wani mai surutu, Aksil, wanda kullum nasa bai wuce tsinke ba.

"Wannan icce ne ko asuwaki?"

"Babana ya ce gwamnati ta kusa kawo gas, Nna."

"To je ka can baya ka ji ɗumin gwamnati."

Sai ya yi kalar tausayi, ta ja kunnensa, ta cire masa jiƙaƙƙiyar safa ta shanya a kan waya tare da na sauran.

Amma akwai yarinya ɗaya da idonta ke nema tun kafin kowa ya iso. Dihya, siririya, mai jar hula, takan hauro daga unguwar ƙasa da guntun iccen zaitun rungume a ƙirji kamar jariri. Ta ajiye, ta sumbaci goshin tsohuwar ta ce, "Ina kwana, Setti?" Haka ake kiran kaka a garin. Jikarta ce, 'yar Arezki.

Arezki ya iya sassaƙa. Ya gama makaranta, ya nemi aiki har takalminsa ya ƙare, ya dawo ya zauna a ƙofar gida yana fafe cokula da ludaya waɗanda babu mai saye. Ya auri Feruja, 'yar unguwar ƙasa. Tana da tsohon ciki, wata safiya ya ce zai sauka birni, ya sumbaci kan uwarsa ya daɗe bai ɗago ba. Daga bakin teku ya kira ya ce su yi masa addu'a, kwalekwalen da zai tsallaka da su Faransa zai tashi. Shi ke nan. Babu wanda ya ce ya ga ya sauka, babu wanda ya ce ya ga gawa. Aka haifi Dihya ana tsinkar zaitun. Feruja ta zauna da surukarta har yarinya ta yi wayo, sannan ciwon mahaifiyarta ya mayar da ita gida. Gidan Nna Zahwa ya zama daga ita sai mage sai ƙarar agogo.

Sau ɗaya a shekara gidan kan cika. Daren Yennayer, sabuwar shekarar manoma, a tsakiyar sanyi, kowane gida na yanka zakara a turara kuskus a zuba a babban akushi, a kafa cokula a kewaye. Kowa da nasa, har wanda ba ya nan. 'Yar da ta yi aure a nesa, ɗan da ke Faransa, wanda ke soja, duk ana kafa musu, domin mai tafiya bai fita daga gida ba. Mamaci ne kaɗai ba a kafa wa. A Tala Mellul in mutum ya rasu, ɗansa ake miƙa wa cokalinsa ya ci da shi. Kowace shekara Feruja kan hauro da Dihya, Nna Zahwa ta kafa na 'ya'yanta mata, sannan ta ɗauko wani na iccen zaitun mai lanƙwasasshiyar ƙota, wanda Arezki ya sassaƙa wa kansa, ta kafa shi kusa da matarsa. Su ci, shi yana tsaye, har turirin ya mutu.

Farkon sanyin bana Feruja ta tsaya a ƙofar makaranta bayan an tashi, ta aiki Dihya wasa, ta yi ta murza bakin mayafinta.

"Yemma, akwai magana," in ji ta, da sunan da ake kiran uwa.

"Na ji ta a wajen ɗiban ruwa tun kafin ki kawo ta. Mai gyaran lantarkin nan na birnin Bgayet da ke neman aurenki."

"Matarsa ta rasu. Mutumin kirki ne. Ya ce zai riƙe Dihya kamar tasa." Ta saki bakin mayafin. "Baba ya ce shekaru sun isa, alƙali zai iya yanke cewa Arezki ya rasu. Ni kuwa na ce ba zan taka gaban alƙali ba muddin kina kafa cokalin nan. Ba zan binne miki ɗa kina kallo ba."

"To kin kyauta," Nna Zahwa ta ce, ta kife tukunya. "Sai ki jira shi kamar yadda nake jira."

Feruja ta juya ta tafi neman Dihya. Tsohuwar kuwa ta san abin da ita kanta ta ƙi faɗa. In ta kwantar da cokalin, ta kashe ɗanta da hannunta. Kuma Bgayet na bakin teku, tafiyar yini in hanya ta yi kyau. Jar hular nan ba za ta ƙara haurowa da icce ba.

Ƙanƙara ta zo da ƙarfi a shekarar. In an fita tara, yara kan kwashi buhunan zaitun su hau gangaren bayan masallaci su zauna a kai su sulalo suna ihu, su kife a ƙasa, su tashi fari fat. Sun gina mutum-mutumi a tsakar makaranta, suka yi masa idanu da ƙwallon zaitun, suka ɗora masa tsohuwar hular Malam, suka raɗa masa suna Sufeto. Malam kan tsaya a gabansa kowace safiya ya gaishe shi da ladabi, ya ce wannan ne sufeton da ya fi daɗewa a makarantar. Nna Zahwa kan gasa musu 'ya'yan itace a kan murhu, ta tsoma busasshen ɓaure a man zaitun ta sa wa kowa a baki in sun shigo hannuwa sun yi ja.

Wata rana Malam ya sa suka cika kwalba da ƙanƙara har wuya, suka ajiye kusa da tukunya. Kafin su gama karatun baƙaƙe, abin da ya rage ɗan ruwa ne a gindin kwalba.

"Ina sauran ya tafi?" in ji Malam.

"Nna Zahwa ta juye a miya!" in ji Aksil. "Shi ya sa ta yi tsararo jiya."

Ta ɗaga masa ludayi, aji ya kwashe da dariya. Malam ya yi musu bayanin iskar da ke ɓoye a tsakanin dusar. Ita kuwa ta daɗe tana kallon kwalbar. A shekarar farko da tafiyar Arezki, muryarsa ta cika mata gida har rufi. Yanzu in ta rufe ido ta neme ta, abin da take samu bai fi wannan ruwan ba.

Ana saura 'yan kwanaki Yennayer aka shiga darasin debewa. Malam ya tsaya gaban allo yana hura hannu.

"Ku saurara da kyau, 'yan ɓeraye. Gida ne mai mutum biyar. Biyu suka tafi Faransa. Saura nawa? Kowa ya rubuta, kada wanda ya leƙa na wani."

Alli ya yi ta ƙara. Aka ɗaga alluna. Tun daga bencin gaba har na baya, biyar.

"Kai! Na ce biyu sun tafi. Sun hau jirgi, sun ɗaga hannu, uwarsu ta yi kuka. Saura nawa?"

"Biyar, Malam!"

"Ta yaya?"

Wata 'yar gajeriya a gaba ta dube shi kamar mai tausayinsa. "Ai cokalinsu na nan, Malam."

Malam Meziyan ya ajiye alli. Shi ma ƙaninsa na Kanada, kuma uwarsu ba ta taɓa fasa kafa masa ba. Ya yi dariya har da dafa tebur, ya je ya ɗebo ɓaure biyar daga kwandon Nna Zahwa ya jera.

"Aksil, zo ka yi abin da ka fi iyawa. Cinye biyu."

Aksil ya cinye, ya miƙa hannu zai ƙara, aka buge hannun.

"Saura nawa?"

"Uku!"

"Madalla. Ashe da kai a wuyanku."

Ana cikin murna Dihya ta ɗaga yatsa. Ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa ajin ya yi shiru.

"Malam, to mutum yaushe ake debe shi?"

Malam bai dubi wajen murhu ba, amma wuyansa ya nuna yana so. "In Allah ya karɓi abinsa, 'yata."

"Wa ke zuwa ya faɗa wa mutanen gidan?"

Icce ya fashe a cikin wuta. Nna Zahwa ta ci gaba da juya miyar da ba ta buƙatar juyi.

"Ku goge alluna," in ji Malam. "Mu yi waƙa."

Kashegari ya raba musu takardu da fensira masu launi, ya ce kowa ya zana mutanen gidansu a bakin akushin Yennayer, za a manna a bango. Suka duƙufa, harsuna a waje. Da aka gama, Nna Zahwa ta goge hannu ta bi bango tana dubawa kamar yadda takan yi kowace shekara. Ga gidan su Aksil, zakara ya fi kakansa girma. Ga na wance, mutane sun cika takarda har wasu sun hau rufi. Ta iso na Dihya. Ta gane kanta da ɗaurin kai da ludayi. Ta gane yarinyar da jar hula. Ta gane Feruja da doguwar riga mai ratsi. Kusa da Feruja kuwa cokali ne, dogo, tsawon mutum, mai lanƙwasasshiyar ƙota. An yi masa hannu siriri, an haɗa da hannun Feruja.

"Wannan fa, 'yar nan?"

"Babana ne, Setti."

"Ba ga hotonsa can a ɗakina ba? Ba kin san fuskarsa ba?"

"Na hoto ba ya zuwa cin abinci. Wannan ne ke zuwa."

Aksil ya leƙo ta ƙarƙashin hammatar tsohuwar, ya ƙyalƙyale. "Jama'a ku zo ku gani! Uwar Dihya ta auri cokali!"

Yara suka ɗauka da dariya, irin dariyar da ba ta san tana yanka ba. Malam ya damƙo kunnen Aksil ya kai shi lungu. Dihya ba ta yi kuka ba. Ta sa tafin hannu ta rufe zanen ta tsaya a haka.

Da yamma Nna Zahwa ta kashe murhu, ta hau gida a hankali, ƙafarta na nutsewa. Ta ba mage abinci. Ta buɗe akwatin da Dda Bel'id ya bari, ta warware ƙyallen da cokalin ke ciki, ta zauna da shi a cinya har hasken taga ya dushe. Ta tuna kanta tana da shekarun Feruja, tana kwana da filon miji wata goma sha ɗaya, tana kafa masa cokali. Amma nata yakan zo lokacin zafi, ya yi faɗa a kan akuya. Ta shafa ƙotar, inda wuƙar yaron ta zame ta bar tabo. Ta kira sunansa sau ɗaya, a hankali, don ta ji ko gidan zai amsa. Agogo ne kawai ya ci gaba da abin da yake yi.

Ranar jajibirin Yennayer makaranta kan yi nata bikin da rana. Iyaye mata suka hauro da zakaru da garin kuskus, aka ture bencina jikin bango, aka shimfiɗa barguna. 'Yan mata sun sha riguna masu ado da azurfar kakanninsu, maza sun yafa ƙananan alkyabbu na ulu suna tuntuɓe da su. Tagogi suka yi gumi. Feruja na cikin masu murza kuskus. Ta gaida surukarta, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da aiki.

Malam ya ce kowa ya zo da cokalinsa, amma da aka sauke akushi sai ga cokula sun ninka yara. Wannan ya zaro na babansa, wannan ta zaro na yayarta da na kawunta. Suka kafa su a kewaye har akushin ya zama kamar bushiya.

"Wa zai ciyar da wannan runduna?" in ji Malam. "Faransa kaf ta zo cin abinci a ajina!"

Dihya ta zo ta ja zanen kakarta. "Setti, kin kawo Babana?"

Nna Zahwa ta sa hannu a ɗamararta ta fito da shi. Yarinyar ta miƙa hannu za ta karɓa ta kai bakin akushi, amma tsohuwar ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara, ta buɗe ɗan tafin ta ɗora ƙotar a ciki ta naɗe yatsun a kai.

"Ba kafawa za ki yi ba. Ci za ki yi da shi."

"Ai na Baba ne."

"Ya bar miki. Daga yau naki ne. Yi bismilla."

Hirar mata ta yanke kamar an rufe famfo. Yaran ba su lura ba, sun riga sun auka wa zakara. Dihya ta dubi uwarta, ta dubi kakarta, ta nutsa cokalin a kuskus. Ya yi wa bakinta girma, romo ya gangaro mata a haɓa.

Feruja ta taso, hannunta duk gari, ta durƙusa ta kama hannun tsohuwar.

"Yemma..."

"In hanya ta buɗe ki je ki ga alƙalin. A gaya wa liman ya yi masa salla." Ta zare hannunta. "Tashi, kada ki yi mini kuka a kan kuskus, gishirinsa ya isa."

Ta juya ta koma wajen murhu, ta buɗe ƙofarsa ta tura icce, ta daɗe tana gyara wutar da ke ci da kyau. Malam Meziyan ya zo ya tsaya kusa da ita, bai yi tsokana ba. Ya karɓi ludayin ya ci gaba da raba romo.

Ƙanƙara ta narke, Sufeto ya rame ya zube ya bar hula a cikin taɓo. Maza suka yi sahu a filin masallaci suka yi wa Arezki salla babu makara a gabansu. Da ɓaure ya fara toho aka ɗaura auren Feruja ba tare da kiɗa ba. Ran tafiya Dihya ta hauro da guntun iccen zaitun, ko da yake an daina hura murhu, ta ajiye a bakin ƙofar aji, ta sumbaci goshin kakarta. Motar ta bi kwana-kwanan dutse tana ɓacewa tana bayyana, Nna Zahwa na tsaye har ta daina bayyana.

Har yanzu tana aji ɗaya. Sababbin yara sun zo da sababbin tsinkaye, Malam ya ƙara furfura, kuma duk shekara in an zo debewa da ɓaure yake farawa. Iccen nan na Dihya yana bayan murhu, ba ta bari a sa shi a wuta.

Da Yennayer ta zagayo, ta yanka ƙaramin zakara, ta zuba kuskus a akushin da ya yi wa mutum ɗaya yawa. Ta kafa na 'ya'yanta mata. Ta kafa na Feruja, don ba ta ga dalilin debe ta ba. Sannan ta ɗauko wani ɗan ƙarami da ta tsinta cikin waɗanda Arezki ya sassaƙa bai sayar ba, ta kafa shi dab da nata. Ƙanƙara na sauka a waje ba ƙara. Ta zauna tana kallon ɗan cokalin cikin turiri. Wannan dai ta san garin da mai shi take, ta san tana da jar hula, ta san da wane cokali take ci a daren nan. Ta yi bismilla, ta fara ci tun abincin bai huce ba.